Amsa ga 'yar uwar da tuwon madararta ya ƙi daskarewa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa kin yi tuwon madara don dangin mijinki da za su zo, ya tsaya caɓal a faranti ya ƙi yankuwa, har aka samu mai cewa "ashe ko alawa ba a iya ba", yanzu kina neman kayan zaƙi mai sauƙi wanda ba zai sake ba ki kunya ba. Wallahi na ji miki, don ciwon nan na san shi. Baƙi na falo, kina ta leƙa faranti kina taɓawa da yatsa ko ya kama, shi kuwa yana nan yadda kika zuba shi, ga madara da tsada, ga babu lokacin sake wani. Kuma mai maganar nan, ki bincika, da wuya in ta taɓa ɗora tukunyar sukari a wuta. Irinsu ne za su cinye faranti tas sannan su ce zaƙi ya yi yawa. Allah ya kyauta. Kada ki bari maganarta ta hana ki shiga kicin.

Matsalar taki ba daga madara ta fara ba, daga sukari ne. Awon da ba ya ba da matsala shi ne sukari kofi 1, ruwa rabin kofi, madarar gari kofi 2 da rabi zuwa 3, duka a auna da kofi iri ɗaya. Ki ɗora sukari da ruwa a wuta matsakaiciya, ki juya har ya narke, daga nan ki cire hannunki ki bar shi ya yi ta tafasa. Yawan juyawa bayan ya narke shi ke sa ya koma tsaki-tsaki. Kada ki dogara da agogo, don wutar gas daban, ta gawayi daban, faɗin tukunya ma yana canza lissafi. Ki ajiye ruwan sanyi a ƙaramin kwano, ki ɗiga sukarin a ciki. In ya baje ya narke, da saura. In ya dunƙule har kina iya murza shi da yatsu yana da laushi, ya yi, ki sauke nan take. In kuwa ya yi tauri yana ƙara a kwanon, ya wuce, tuwon zai fito yana marmashewa ko ya yi ƙarfin da yara ma za su ajiye shi. Naki tun kafin ya kai ga dunƙulewa kika sauke, ruwa ya yi masa yawa, shi ya sa ya ƙi kamawa.

A ƙasa ake zuba madara, ba a kan wuta ba, in ba haka ba ta kama gindin tukunya ta yi ƙauri. Ki tankaɗe ta tukuna, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya da sauri har ta haɗe ta bar jikin tukunya. Ki juye a farantin da kika shafa wa mai ko bota, ki ɗora leda mai tsabta a kai ki murza da kwalba ya baje, kaurin yatsa. Ki yanka yana da ɗumi, ki bar shi ya sha iska kamar rabin awa.

Wancan da ya lalace, in yana nan, kada ki zubar don Allah. Ki ƙara masa busasshiyar madara kina murzawa da hannu har ya daina manne miki, ki mulmula ƙanana ki birgima su a cikin gurzajjiyar kwakwa. Babu wanda zai san da farko me aka yi niyya.

Sai maganar madarar awo, wadda ita ce take ƙona min rai. Ki biya kuɗin madara cif, a auno miki wadda ta daɗe a buɗaɗɗen buhu ta sha iska ta yi gudaji, ko wadda aka yi wa gauraye, ki dawo gida ki yi ta zargin hannunki. Mai awon ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ke aka bari da kunya a gaban mutane. Kafin ki zuba a sukari, ki dama cokali ɗaya a ruwa ki ɗan tafasa. In ya yi kauri irin na koko, akwai gari a ciki. Ki shinshina kuma, tsohuwar madara tana da warin mai da ya juya, kuma zaƙi ba ya ɓoye shi. Mai cikakken maiƙo ta fi ba da laushi da ƙamshi.

In kina son ki huta da gwajin sukari gaba ɗaya, ki yi gullisuwa. Madara kofi 2, sukari rabin kofi da kika narkar a ruwa cokali 4, ki kwaɓa da tauri, in ya ƙi haɗuwa ki ƙara ruwa da ɗigo-ɗigo. Ki mulmula ƙanana sosai, manya ba sa soyuwa a ciki. Abin da ke ɓata ta ɗaya ne, zafin mai. Madara da sukari saurin ƙonewa gare su, mai zafi zai baƙanta waje ciki yana ɗanye. Ƙaramar wuta, ki yi ta juyawa, ki tsame tun tana ruwan zuma don tana ƙara duhu bayan an kwashe. Kada laushinta ya ruɗe ki, sai ta huce take yin ƙarfi.

Kwakumeti ma ba ya cin rai: kwakwa ɗaya ki gurza, sukari rabin kofi, ki zuba ruwan kwakwar, ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ta fara ja. Kantun riɗi kuwa ki bar shi sai hunturu, da damina danshi yana sa shi ya yi danƙo ya manne wa leda.

Ranar da baƙi suka faɗo babu sanarwa, ki cire ƙwallon dabino ki cusa soyayyiyar gyaɗa a gurbinsa ki jera a faranti. Ko ki yanka kankana da ayaba da tuffa ki kwarara musu yogot mai sanyi. Abarba da gwanda kada ki haɗa su da madara ki ajiye, suna sa ta ɗaci in sun jima tare, sai dai a zuba a sha a take. Ayaba kuma ki yanka ta a ƙarshe, ko ki matsa mata lemun tsami kaɗan, kada ta yi baƙi kafin ki kai falo.