Ka Tambayi Bakanike: Wane Babur Ya Dace da Ɗan Koyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin firamare ne a Bichi, an tura ni wata makaranta a ƙauye, rabin hanyar kwalta, rabi burji da yashi. Kuɗin mota na cinye mini albashi. Na kwashi adashi ina son sayen babur, amma keke kaɗai na taɓa hawa. Maiɗakina ta ce in sayi roba-roba. Abokina kuwa ya nemo mini wani ƙato ɗan kwatano mai injin 250, wai kada in sayi ƙarami in gaji da shi. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a adashin nan.

Bari mu fara sallamar abokinka. Ka yi masa godiya, ka ce masa Baba ya ce a'a. Babur mai 250 yana da nauyi, kuma da ka ɗan murɗa totur ya zabura. Ɗan koyo kuwa idan ya firgita, maimakon ya saki totur sai ya ƙara damƙewa. A ƙaramin babur wannan kuskuren ƙujewar gwiwa ne da dariyar yara. A babba, sai a zo gaishe ka a Asibitin Ƙashi na Dala. Ga kuma kayan gyaransa: ranar da wani abu ya karye, bakanikenku zai juya shi ya ce maka sai an aika Kano.

Maiɗakinka ta fi shi kusa da gaskiya. Roba-roba, wanda a Kano komai kamfaninsa ake ce masa Lifan, injinsa 110 ne, ba shi da kulochi na hannu, ka taka giya kawai ka wuce. Kujerarsa ƙasa-ƙasa ce, ƙafa na kaiwa. Da a cikin gari kake aiki, da na ce ka bi maganarta mu rufe zancen. Amma ka ce burji da yashi. Robobin jikinsa ba sa jure gargada; kafin damina ta fita za ka ji komai na ƙara, kuma faɗuwa ɗaya sai ka ga murfin gefe ya tsage, a dawo ana ɗaure shi da waya.

Ni Boxer mai 100 nake zaɓa maka, na kamfanin Bajaj na Indiya. Ba don kyau ba, ba shi da wani kyau. Dalilina shi ne babu ƙauyen da za ka je ka rasa wanda ya san cikinsa, filogi da sarƙa da wayar kulochi kuwa har a kasuwar ƙauye ana shimfiɗa su a tabarma. Ba ya shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Babur ɗin kamfanin TVS ma dai hakan ne in da mai gyaransa kusa da kai. Tsohon Jincheng mai hayaƙi kam ka bar shi, ko da an karya maka farashi. Abin da ka rage wurin saye za ka biya a gidan mai. Kulochi kada ya ba ka tsoro. Ka sami fili bayan an tashi makaranta, ka yi ta sakinsa a hankali, babur ya mutu ka sake buga kik, har hannunka ya gane inda yake kamawa.

Kafin ka biya, ka hau ka zauna. Idan tafin ƙafafunka biyu ba su taɓa ƙasa ba, ba naka ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse za ka saba.

Sabo ko na hannu? In kuɗin ya kai sabo, madalla. In na hannu ne, a nan ake cutar mutane. Tun da aka hana goyo a babur cikin birnin Kano a Janairun 2013, acaɓa ƙauyuka ya koma, kuma Boxer ne jakinsa: buhun masara biyu, fasinja biyu, kullum. Irin wannan ake wankewa, a sa masa sabuwar rigar kujera a kawo kasuwa. Ka je da sassafe, ka taɓa injin da bayan hannu. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga yadda yake wahalar tashi. A tayar a gabanka, ka tsuguna bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana cin baƙin mai, aikin ringi da fistan na jiranka. Ka dubi kan kusoshin injin, in sun ci sifana an taɓa buɗe shi. Haƙoran da sarƙa ke bi in sun yi tsini, sun ƙare. Sannan lambar injin da ta jikin babur su yi daidai da na rasit, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Baburan sata sun yi yawa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis.

Kada ka zuba kuɗin duka a babur. Ka ware na lamba, da lasisi rukunin A, da makulli mai kauri, da hular kwano. Lokacin da jami'an kiyaye haɗurra suka tilasta hular a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a kai don a bar su su wuce. Kai malami ne, yara na kallonka, ka sayi ta gaske mai maɗauri, ka kuma ɗaure.

Batun yashin hanyarka: kada ka damƙi birkin gaba a cikinsa, tayar gaba za ta zame ka sha ƙasa. Ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka koma giya ta biyu, ka riƙe totur daidai, idonka can gaba. Goyo kuma ka dakata tukuna, ko da Maiɗakin ce ta ce a kai ta unguwa, sai ka iya tsayawa da juyawa ba tare da ka dubi ƙafarka ba. In sabo ka saya, ka bi shi sannu a farko, ka juye baƙin mai na farko da wuri kamar yadda littafinsa ya ce, kada ka jira ya yi baƙi ƙirin.