Amsa ga Hajiya kan rubutun na'urar karatu

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma, ya zafin Tawa? Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce Kindle ɗin da yaronki ya aiko miki daga Faransa, in kin yi shafi kaɗan sai ido ya gaji, kuma in littafin Hausa ne sai wasu haruffa su fito daban, wani wuri ma sai ɗan akwati. To, ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Bari in fara da na Hausar, don shi ya fi damuna. Ba na'urar ce ta lalace ba. Kowane salon rubutu yana da iyakar haruffan da aka zana masa. Wanda ya zana shi don Faransanci da Turanci, sau da yawa bai sa haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ɗin da mu a nan Nijar muke rubutawa, ƴan Najeriya kuma su sa 'y. In na'ura ta nemi harafin ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon. Shi ya sa kike ganin ƙ siriri tsakanin haruffa masu kauri, ko kuma akwati. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, Hajiya. Baki daban, baƙi daban. In ido yana tsayawa a kowane layi yana tantancewa, dole ya gaji tun kafin labari ya yi daɗi.

Maganin yana nan, kuma kyauta ne. Akwai wata ƙungiya SIL, su ne suka zana Charis da Gentium da Andika, dukkansu da haruffanmu, manya da ƙanana. Noto na Google ma yana da su. Ni Charis nake ba mutane shawara in dogon karatu ne, saboda jikinsa yana da kauri, ba ya dushewa a kan allo. An gina shi ne a kan wani salo mai suna Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 tun zamanin da injinan bugawa ba sa fitar da rubutu tsaf, shi ya sa ba shi da ado mai yawa. Andika kuwa don masu koyon karatu aka yi shi. Malaman makaranta da ke cikin wannan zaure, ku riƙe sunan nan, don a cikinsa yaro ba zai rikita babban I da ƙaramin l da lamba 1 ba.

Yadda ake sawa: tun 2018 Kindle ya yarda mutum ya ƙara nasa salon. A haɗa na'urar da kwamfuta da wayar caji, a buɗe, za a ga jaka mai suna fonts, a zuba salon rubutun ciki. A kula dai a zuba duka huɗun, na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai kauri da karkata, in ba haka ba kanun labari zai fito a gurguje. Wata na'urar karatun mai suna Kobo ma kusan haka ne. Sai ki buɗe littafi, ki taɓa saman shafi, ki danna Aa, in taki da Faransanci take za ki ga an rubuta Police, nan za ki zaɓa. Ki gwada da jimla irin wannan: Ƴar ƙanwata ta ɓoye ɗan kunne. In duk sun fito jiki ɗaya, shi ke nan.

In littafin Faransanci ne, salon Bookerly da ke ciki tun 2015 ya isa, kar ki wahalar da kanki.

Yanzu gajiyar ido. Wallahi mutane da yawa suna ta canza salo, alhali girman rubutun ne matsala. Ki ƙara girma har sai kin karanta ba tare da kin matso da na'urar kusa da fuska ba, ba abin kunya ba ne. Ki ƙara kauri mataki ɗaya ko biyu, ki buɗe tsakanin layuka kaɗan. Allon nan ba irin na waya ba ne, hasken waje yake maidowa kamar takarda, don haka da rana a tsakar gida ki rage fitilarsa sosai, da dare kuma ki kunna kaɗan daidai da hasken ɗaki. Ki riƙa goge ƙura ma, lokacin hunturu tana dushe rubutu. In duk da haka idon bai daina ba, don Allah ki je a duba tabarau ɗinki.

Abu ɗaya da zai iya ɓata miki rai: in littafin PDF ne, duk wannan ba zai yi aiki ba, don shafin a daskare yake yadda aka buga shi. Ki roƙi wanda ya turo miki ya nemo na EPUB, wanda shafinsa ba a daskare yake ba, ya turo ta hanyar aikawa ta Amazon mai suna Send to Kindle, don Kindle ba ya buɗe EPUB kai tsaye.

Malam da ya yi tambaya kan ajami, SIL ɗin suna da Harmattan da Alkalami, an zana su ne don rubutun yankinmu. Wannan sai wata muryar, an kusa kiran magariba. Hajiya, ki aiko da na'urar gobe bayan la'asar in sa miki, in sha Allah. A gaida Alhaji da yara.