Amsa ga Hajiyar da yaronta ke faɗa a filin ƙwallo

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Kin ce ɗanki mai shekara 13, tun da ya shiga kulob ɗin unguwa kullum sai an raba shi da wani, har kina tunanin hana shi ƙwallon. Na daɗe ina horar da yara sa'anninsa, kuma a ganina kada ki yi saurin cire shi.

Ki sa yayansa ko kawunsa ya je bakin fili ya lura da lokacin da yake faɗan. Mai shiga da ƙarfi wajen ƙwatar ƙwallo daban, mai bin mutum da naushi bayan alƙalin wasa ya busa usur daban. Na farko horo kawai ya rasa. Na biyu wani abu ke cinsa a rai.

Yawanci kuma manya ne sila. 'Yan kallo na ihun "karya shi!", koci na zagin yaro har iyayensa a gaban abokai, wasu ma sun zuba kuɗi a kan wasan. To yaro ya ji me? Ga kuma haɗa ɗan 13 da ƙato mai gemu wai shekararsa 15. Ƙaryar shekaru ce ta sa FIFA ta fara gwajin MRI, wato hoton asibiti na ƙashin wuyan hannu don kimanta shekarun ɗan wasa, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, amma a gasar unguwa wa zai duba? Ƙaramin da ake ta bangajewa, in ƙarfi ya gaza masa, sai ya koma ƙeta: taka ƙafa, gwiwar hannu a haƙarƙari.

Bulala ba ta gyara wannan, benci ke gyarawa. A wurina duk wanda ya ɗaga hannu zai zauna minti goma yana kallo, ko da shi ke ci mana ƙwallaye. Nakan kuma tuna musu Zidane: Materazzi na Italiya ya tsokane shi a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2006, Zidane ya sa masa kai a ƙirji, ya sha jan kati, Italiya ta ɗauki kofi.

Ki samu kocin ku yi magana. In ya ce "ai haka ƙwallo take", canza masa kulob. Amma in faɗan ya biyo shi gida yana dukan ƙannensa, ko kin ga sababbin abokai da ba ki san iyayensu ba, wannan ya wuce ƙwallo, ku zauna da mahaifinsa da malamin ajinsu tun da wuri.