Kuɗin maganin taɓin hankali ya fi ƙarfinmu, mu dakatar?

Tambaya: Likita, ƙanena yana fama da taɓin hankali. An ɗora shi a kan olanzapine, ya samu sauƙi sosai. Yanzu kuɗin magani da na mota daga ƙauyenmu zuwa asibiti sun gagare mu, dangi kuma sun ce a kai shi gidan mari. Ina mafita?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Don Allah kada ku yanke masa magani. In aka yanke, ciwon kan dawo bayan makonni ko watanni: barci ya ƙaurace masa, ya koma surutu shi kaɗai, daga nan sai kwanciya a asibiti, wadda kuɗinta ya fi na ƙwaya nesa ba kusa ba. Mari kuwa ba ya warkarwa, sai dai ya bar gyambo a ƙafa. Addu'a ku ci gaba da ita, ba ta hana shan magani.

Ranar da kuka koma, ki faɗa wa likitansa ƙarara cewa hali ya yi wuya. Babu abin kunya a nan. Akwai tsofaffin magunguna masu araha, irin su haloperidol da chlorpromazine, akwai kuma allurar fluphenazine da ake yi kusan wata-wata. Sukan kawo sandarewar jiki, karkarwar hannu ko dalalar miyau, amma ana iya rage wannan, shi ya sa likita ne kawai zai yi canjin. Ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ki kuma tambaya ko za a riƙa yi masa allurar a asibiti mafi kusa da ku.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma manyan asibitocin fannin a Arewa, kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, sun yi wa yawancin mutanen karkara nisa. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta nuna wa masu wannan larura wariya. Amma har yau iyali ke biyan mafi yawan kuɗin daga aljihunsu.

Ki leƙa hukumar inshorar lafiya ta jiharku, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ki nemi a sa shi cikin shirin masu ƙaramin ƙarfi. Kafin rajista, ki nuna musu takardar maganinsa, su tabbatar miki yana cikin waɗanda suke biya.