Tambaya da Amsa: Yaya zan mai da ɗakina wurin zane?

Tambaya: Ina da ɗaki a gida a Kano, mita 3 da mita 4, mai taga biyu. Da fentin akirilik nake zane, yanzu ina son komawa fentin mai. Me zan fara tanada?

Amsa: Malam, kafin ka sayi ko burushi ɗaya, fara da haske da iska.

Tagar da ke duban arewa ita masu zane ke so, domin haskenta ba ya yawan sauyawa daga safe zuwa la'asar. Amma a Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana kan karkata arewa, don haka rataya farin labule marar kauri ya tace ta. In da dama kake zane, hasken ya zo ta hagunka, kada inuwar hannu ta rufe aikin. Don aikin dare, nemi ƙwan LED mai 5000K, wato mai farin haske irin na rana, wanda CRI ɗinsa, ma'aunin yadda ƙwai ke nuna ainihin launi, ya kai 90. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yaudara yake yi: launin da ka haɗa da dare, gari na wayewa sai ka ga ba shi ba ne. Bangon kuma a shafa masa ruwan toka, don bango mai launi yana mayar da launinsa kan zane.

Jingina allon zanen a tsawon ɗakin, ka bar mita 2 a bayanka babu komai. Sai ka ja baya za ka ga kuskuren fasali.

Iska kuwa ba abin wasa ba ce. Tafentain, wato ruwan tsinka fenti, da kananzir da ake wanke burushi da su suna sa ciwon kai da jiri. Buɗe tagogin biyu, ka sa fanka tana hura iska waje, ka rufe kwalba da zarar ka ɗiba. Kada kowa ya kwana a ɗakin. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, in aka dunƙule shi aka jefar, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Jefa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi. Wasu launukan suna da kadmiyam ko dalma, ƙarafa masu guba, saboda haka ban da cin abinci a ciki, kuma ƙofa ta zama a kulle saboda yara.

Akirilik na bushewa cikin mintuna, fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki, wani launin ya wuce mako. Da hunturu ƙura za ta manne masa, ba ta kuma fita. Sa kafinta ya yi maka kanta mai rami-rami da labule a gaba, ko ka jingina zanen yana duban bango ba tare da ya taɓa shi ba. Goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, shara tayar da ƙura take yi. Da damina kuma ɗaga zanuka daga siminti ka ɗora kan katako, in ba haka ba za su yi fumfuna.

Kada ka shafa fentin mai kai tsaye kan yadi, man yana cin zaren. Yi masa shafen jeso, wato farin shafen share fage da ke kare yadi, sau 2 ko 3, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafin farko na fenti ya zama marar mai sosai, na sama su fi mai. In ka juya tsarin, zanen zai tsattsage.