Tambayi Likita: Fitsarin Ƙanina Ya Koma Kamar Baƙin Shayi Bayan Tiyata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Watanni biyu da suka wuce aka yi wa ƙanina tiyatar hanji a wani asibiti. Shekarunsa 38, mutum ne mai ƙiba sosai, kuma aikin ya ci kusan awa bakwai. Da ya farfaɗo bai damu da wurin yankan ba, ɗuwawunsa da ƙugunsa yake ta kuka da su, yana cewa kamar an jibge shi da taɓarya. Washegari da asuba, ni da nake jinyarsa na lura fitsarin da ke taruwa a leda ya ragu kuma ya koma kamar baƙin shayi. Likitoci suka ce tsokarsa ce ta narke ta taɓa ƙoda, sai da aka yi masa wankin ƙoda sau uku kafin ya miƙe. Dangi sun dage cewa maganin barci aka zarce masa. Kuma mahaifiyarmu ta tuna cewa wani baffanmu ya rasu a ɗakin tiyata shekaru da yawa da suka wuce wajen aikin gwaiwa, aka ce jikinsa ne ya ɗauki zafi farat ɗaya. Akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu? Ni ma an sa mini ranar tiyata bayan Sallah.

*Daga wani mai karatu a Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa ƙaninka lafiya, ya jiƙan baffanku. Abin da ya sami ƙaninka likitoci na kiransa rabdomayolisis, wato mutuwar ƙwayoyin tsoka da zubewar abin da ke cikinsu zuwa cikin jini. Abubuwa uku ne suka fi damunmu a cikin abin da ke zubowa. Akwai mayogulobin, sinadarin da ke ba nama jan launinsa, wanda idan ya yi yawa yake toshe ƙananan bututun ƙoda yana kuma ƙona su, kuma shi ne ya rina fitsarin da ka gani. Akwai fotasiyam, wani nau'in gishiri da ke cikin ƙwayoyin tsoka, wanda idan ya hauhawa a jini yake iya tsayar da zuciya cikin mintoci. Sai wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CK, wanda shi ba ya cutarwa amma da shi muke auna yawan ɓarnar: a mai lafiya yakan tsaya a ɗari biyu ko kusa da haka, idan ya ninka iyakar sau biyar, wato ya kai kimanin 1,000, sai mu ce tsoka ta narke, idan kuma ya haura 5,000 sai hankalinmu ya koma kan ƙoda. Likitoci biyu a Landan, Bywaters da Beall, su suka bayyana yadda lalacewar tsoka ke kashe ƙoda a shekarar 1941, bayan sun ga mutanen da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gine-ginen da bama-baman Jamus suka rusa suna fitowa da ransu, sannan bayan 'yan kwanaki fitsarinsu ya ɗauke su mutu.

Na kawo labarin mutanen Landan ne da gangan, domin bisa ga abin da ka faɗa, abin da ya danne ƙaninka nauyin jikinsa ne. Mai barci na yau da kullum yana juyawa sau da dama cikin dare ba tare da ya sani ba, domin da zarar jini ya daina isa wani gefe, jiki zai ji ya motsa. Wanda aka sa wa maganin barci aka kuma sassauta masa tsokoki ba ya da wannan kariyar. Mutum mai ƙiba da ya kwanta rigingine awa bakwai a kan gadon tiyata mai tauri, tsokar ɗuwawunsa da ta ƙugunsa suna matse tsakanin ƙashi da gado, idan kuma hawan jininsa ya faɗi yayin aikin saboda zubar jini, ɗan jinin da ke ratsawa ma sai ya ƙara raguwa. Tsokar takan fara mutuwa a nan, kuma idan aka sauke shi jini ya koma gudana, sai ya wanke duk dattin zuwa ƙoda. An fi ganin wannan a ayyukan da suka wuce awa huɗu, da masu ƙiba, da masu ciwon suga, da waɗanda aka kwantar a gefe guda don aikin ƙoda, da waɗanda aka ɗage wa ƙafafu sama na tsawon lokaci. Saboda haka maganar dangi ta cewa an zarce magani ba ta dace da alamun ba. Wanda aka cika wa maganin barci jinkirin farkawa yake yi ko numfashinsa ya yi rauni, ba ciwon ɗuwawu da baƙin fitsari ba. Wannan ba ya nufin babu abin da asibiti ke iya yi don ragewa: shimfiɗa mai taushi a wuraren da jiki ke dannawa, da gyara kwanciyar majinyaci idan aiki ya yi tsawo, da kula da hawan jini da ƙarin ruwa, duk suna cikin aikinmu, kuma kana da haƙƙin ka tambayi ko an yi su.

Kai kuwa ka yi abin da ya kamata da ka duba ledar nan. Maganin narkewar tsoka a farkonsa ba wani abu mai tsada ba ne, ƙarin ruwa ne mai yawa da wuri, har fitsarin baligi ya kai mililita 200 zuwa 300 a kowace awa, tare da auna fotasiyam akai-akai da nisantar magungunan da ke wahalar da ƙoda irin su daikulofenak da aibufurofen, waɗanda abin takaici su ne abin da mai jinya ke fara sayowa a kemis idan majinyaci ya ce jikinsa na ciwo. Jinkirin awanni ne sau da yawa ke raba wanda ledojin ruwa suka wadatar da wanda sai an kai shi injin wanki. A ƙasarmu baƙin fitsari na iya zama na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko jinin tsargiya, ko shawara, don haka akan gwada: tsinken gwajin fitsari zai nuna kamar akwai jini, amma idan aka duba a madubin likita ba a ga ƙwayoyin jini ba, kuma CK ya hau, to tsoka ce.

Yanzu ga maganar baffanku, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai a cikin wasiƙarka. Mutuwa a kan gadon tiyata wajen ƙaramin aiki kamar gwaiwa, tare da zafin jiki na farat ɗaya, ita ce siffar wata cuta ta gado da likitoci ke taƙaita sunanta da MH, wadda za mu iya kira zazzaɓin tiyata na gado. An fara gane ta a birnin Malbon na Ostireliya a shekarar 1960, lokacin da aka kawo wani saurayi ɗan shekara 21 da karayar ƙafa, ya nuna tsoron maganin barci ya fi damunsa a kan karayar, domin danginsa goma sun mutu bayan an shaƙa musu maganin barci. Aka yi masa amfani da sabon magani na wancan lokacin, halotan, cikin 'yan mintoci jikinsa ya ɗau zafi, zuciyarsa ta shiga gudu, aka tsayar da maganin aka lulluɓe shi da ƙanƙara ya tsira. Likita Michael Denborough ne ya bi diddigin dangin ya tabbatar gado ne.

Masu wannan gadon lafiyarsu ƙalau a rayuwar yau da kullum. Matsalar tana a wata ƙofa da ke cikin ƙwayar tsoka wadda ke sakin sinadarin kalsiyam idan za a motsa, yawanci saboda canji a ƙwayar halittar da ake kira RYR1. Idan suka shaƙi ɗaya daga cikin iskokin sa barci, wato halotan ko aisofuloran ko sebofuloran ko desfuloran, ko aka yi musu allurar sassauta tsoka mai suna sukusametoniyam, sai ƙofar ta buɗe ta ƙi rufuwa. Tsokokin jiki duka su ɗaure suna ƙona iskar numfashi da abinci ba tsayawa, muƙamuƙi ya ƙage, iskar da majinyaci ke fitarwa ta cika da kabon, zafi ya hau, daga ƙarshe tsokar ta narke. Maganinta danturolin, wanda Gaisford Harrison ya nuna amfaninsa a Afirka ta Kudu a 1975 a jikin aladu masu irin wannan gadon. Kafin samunsa kusan bakwai cikin goma na waɗanda abin ya kama mutuwa suke yi, yanzu kuwa a inda ake da shi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai dai ka duba lissafin: ana farawa da miligiram 2.5 ga kowane kilo, tsohuwar kwalbar kuma miligiram 20 ce da ake narkarwa da ruwa mililita 60, ke nan mutum mai kilo 70 na bukatar kwalba tara a karon farko kaɗai, ana girgiza su ɗaya bayan ɗaya yayin da zafi ke hawa. Maganin na da tsada, yana lalacewa a ajiye, kuma asibitocinmu da yawa ba su da shi. Shi ya sa a wurinmu gujewa ta fi kome.

Gujewar kuwa mai sauƙi ce idan an sani. Cutar tana bi ta uwa ko ta uba, kuma ɗan mai ita yana da rabi da rabi na gadonta, don haka idan baffanku na da ita, mai yiwuwa ne mahaifinku ma yana da ita. Kuma wucewa tiyata ɗaya lafiya ba ta wanke mutum, domin akwai waɗanda sai a karo na biyu ko na uku abin ya tashi. Kafin ranar aikinka ka nemi ganin likitan da zai ba ka maganin barci, ba likitan fiɗa kaɗai ba, ka faɗa masa labarin baffanku da na ƙaninka dalla-dalla, ka kuma roƙi asibitin da ya yi wa ƙaninka aiki ya rubuto magungunan da aka ba shi da abin da aka gani na zafin jikinsa. Allurar kashe rabin jiki ta baya ba ta tayar da wannan cuta, haka magungunan sa barci furofofol da ketamin da ake bayarwa ta jijiya, kuma akwai wasu alluran sassauta tsoka da ba su da wannan haɗarin. Mun yi imani kowa da kwanansa, amma al'adarmu ta barin asibiti da gawa ba tare da tambayar abin da ya faru ba tana hana masu rai sanin abin da zai tsare su. Ka sanar da 'ya'yan marigayin da sauran 'yan'uwanka.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa huɗu, za a yi masa aikin ƙaba. Bai fara tafiya ba sai da ya kusa shekara biyu, yana yawan faɗuwa, kuma idan zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa. Amma ƙwaurinsa cike yake kamar na ɗan dambe. Ko wannan zai hana a sa shi barci?

*Daga wata uwa a Maraɗi*

Amsa: Malama, kada a yi aikin nan sai an auna CK a jininsa, likitan yara kuma ya duba shi. Abubuwan da kika lissafa, musamman hawa jikinsa da hannu idan zai miƙe da kumburin naman ƙwauri, su ne alamun da muke nema na ciwon shanyewar tsoka na Dushen, wanda ke kama yara maza, kimanin ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000, kuma yake biyowa ta ɓangaren uwa. Cikar ƙwaurin kitse ne da tabo suka maye gurbin tsoka. Ki tuna ko a cikin kawunnan yaron, wato 'yan'uwanki maza, akwai wanda ya daina tafiya tun yana yaro. Fatar ƙwayoyin tsokar irin waɗannan yara ba ta da ƙwari, allurar sukusametoniyam ko iskar sa barci na iya farfasa su, fotasiyam ya kwarara cikin jini zuciya ta tsaya, wani lokaci ma bayan an gama aikin an fito da yaro. Irin wannan mutuwar a yaran da ba a san suna da ciwon ba ita ta sa hukumar magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi mai tsanani a kan amfani da allurar ga yara tun cikin shekarun 1990. Idan gwaji ya tabbatar, ana iya yin aikin da magungunan jijiya zalla, bayan an duba zuciyarsa, domin ciwon na taɓa ta ita ma. Ƙabar da ba ta shaƙe ba tana iya jiran sakamakon gwaji. Idan kuwa ta kumbura ta yi tauri yana amai, ki kai shi nan take ki faɗa musu waɗannan alamun tun daga bakin ƙofa.

Tambaya: An yi mini ƙaramin aiki na mintoci ashirin aka sallame ni ran nan, washegari na tashi wuyana da kafaɗuna da haƙarƙarina na ciwo kamar na yi dakan buhu guda. Fitsarina lafiya lau. Tsokata ce ta narke?

*Daga wata mai karatu a Jos*

Amsa: A'a Hajiya, bisa ga dukkan alamu wannan ciwon jiki ne da sukusametoniyam ke bari, domin kafin ta sassauta tsoka sai ta sa ta ta yi ɓari na 'yan daƙiƙoƙi. Ya fi kama mata masu ƙuruciya da waɗanda suka tashi suka kama zirga-zirga da wuri, kuma yakan wuce cikin kwana biyu zuwa uku da farasitamol da shan ruwa. Ki koma asibiti idan fitsarin ya canza launi ko ya ragu, ko wata gaɓa ta kumbura ta yi tauri, ko ciwon ya wuce kwana huɗu yana ƙaruwa.