Tambaya da Amsa: Yaya ake nazarin bakteriyar da ke zaune a jikin ƙwari?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin ƙwari suna amfanar su, amma kuma an ce yawancinsu ba sa tsirowa a ɗakin gwaje-gwaje. To ta yaya masana suka gane aikin da suke yi? Daga wata ɗalibar kimiyya a Zariya.

Amsa: Malama, abin da aka faɗa muku gaskiya ne. Bakteriyar da ta shafe miliyoyin shekaru tana rayuwa a cikin ƙwaro takan zubar da yawancin ƙwayoyin gadonta, har ta kai ba ta iya ciyar da kanta idan aka raba ta da mai masaukinta. Saboda haka hanyar da aka saba da ita, ta shuka bakteriya a faranti a jira ta yaɗu, ba ta cika yin aiki a nan ba.

Ki ɗauki ƙudan tsando, wanda ke yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Jini kaɗai yake sha, jini kuwa ba shi da isassun sinadaran bitamin B, don haka tun da daɗewa ake zargin cewa wani abu ne ke cike masa wannan giɓi. Da farko ido aka sa: a feɗe ƙudan a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, sai a ga wani kebantaccen sashe a hanjinsa cike maƙil da bakteriya. Da irin wannan aikin haƙuri ne Bajamushen masani Paul Buchner ya bayyana irin wannan zama a ƙwari masu yawan gaske. Sai dai gani ba ya faɗin asali. Abin da ya warware wannan shi ne karanta ƙwayoyin gado: a niƙa sashen, a tace DNA, a riɓanya wani yanki da ake kira 16S ta hanyar PCR (dabarar kwafar DNA sau da yawa), sannan a gwama shi da na bakteriyar da aka riga aka sani. Ta haka masaniya Serap Aksoy ta raɗa wa bakteriyar tsando suna Wigglesworthia a 1995. A 2002 aka karanta gadonta baki ɗaya, aka tarar bai wuce haruffan DNA kusan 700,000 ba, alhali na bakteriyar hanji E. coli ya haura miliyan 4, amma duk da wannan ƙanƙancewa ta riƙe hanyoyin haɗa bitamin B.

A ganina, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a raba ƙwaron da bakteriyar a ga abin da zai same shi. Idan aka zuba maganin kashe bakteriya na tetracycline a jinin da ake shayar da tamatar tsando, sai ta daina haihuwa. Mai gardama zai iya cewa maganin ne da kansa ya illata ta, kuma yana da gaskiyarsa, shi ya sa ba a tsayawa a nan. Akan ƙara mata ruwan yis mai bitamin a cikin jinin, sai wani kaso na haihuwar ya dawo, abin da ke nuna cewa rashin abinci ne ya hana ta. Akwai kuma dabara mai kyau da ta dogara da yadda tsando ke haihuwa, domin ba ya yin ƙwai kamar sauro. Tamatar tana rainon tsutsa guda a cikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, kuma ta nan bakteriyar ke bi zuwa ga ɗa. Wani maganin kuma, ampicillin, yana kashe wadda ke cikin wannan nono ba tare da ya kai ga wadda ke ɓoye a hanjin uwar ba, don haka uwa ta ci gaba da haihuwa, 'ya'yan kuma su fito babu bakteriyar. Matan cikinsu ba sa haihuwa, garkuwar jikinsu tana da rauni, kuma ƙwayar cutar sammore ta fi saurin kama su.

Akan yi akasin haka ma, wato a dasa bakteriya a jikin ƙwaron da ba shi da ita. Da siririyar allurar gilashi aka sa wata bakteriya mai suna Wolbachia a ƙwan sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengu, aka fara sakin sauron a Cairns ta Ostareliya a 2011, kuma gwajin da aka yi a Yogyakarta ta Indonesiya ya nuna raguwar cutar da kashi 77 cikin 100.

Idan kina shirin yin naki binciken, ki adana ƙwarin a sinadarin ethanol mai ƙarfi da zarar kin kama su, kuma ki wanke bayansu sosai kafin ki niƙa, domin PCR ba ya bambanta bakteriyar da ke zaune a ciki da wadda ta maƙale a ƙafar ƙwaro daga ƙasa.